Yawon hutu a dajin Kufena da ziyarar kushewar Bakwa a Turunku: tambayoyi da amsoshi

Da zarar hutu ya matso, ko na makaranta ko na Sallah, sai mutane su fara tambaya ina za a kai yara su sha iska ban da gidan kaka da gidan gwaggo. Amsar da nake bayarwa kullum ita ce Kufena da Turunku. Na tattaro tambayoyin da aka fi maimaitawa a nan don kowa ya karanta a natse kafin ya ɗaura takalmi.

Wai me ke Kufena ɗin da har za a ɓata rana guda a kansa?

Dutse ne babba a yamma da birnin Zariya, ga shi nan a bayan Wusasa, duk wanda ya taso a Zariya ya saba hango shi amma da yawa basu taɓa taka gindinsa ba. Kewaye da shi gonaki ne da ɗan sauran daji, ga manyan duwatsu wani kan wani, ga itatuwa sun fito ta tsakanin tsagu. Abin da yasa ya wuce dutse kawai shi ne mutane sun zauna a wurin tun kafin birnin da muka sani yanzu ya kafu, akwai ragowar ganuwa a gindinsa, kuma masu binciken kayan tarihi na jami'ar Ahmadu Bello (ABU) sun yi aiki a yankin tun shekarun 1970. A tarihin da ake bayarwa, daga Turunku sarautar Zazzau ta taso ta zo Kufena, daga nan ta gangara inda fada take yau. Toh kaga in ka hau Kufena kana tsaye ne a zango na tsakiya na labarin garinka.

In ka kai sama kuma ka juya, birni na shimfiɗe a gabanka, rimayen nan da aka san Zariya da su sun ɗago sama da rufin gidaje, ta arewa kuma Samaru ce. Wallahi ko ba don tarihi ba wannan kallon kaɗai ya isa dalili.

Turunku fa, ina take, kuma kabarin wa ake zuwa gani?

Turunku na kudu da Zariya, tafiyar kamar kilomita 40, a ƙaramar hukumar Igabi, ita ce ma hedikwatar ƙaramar hukumar. Amma ku bambanta, akwai garin da mutane ke zaune yanzu, akwai kuma tsohon mazauni a gindin duwatsu wanda ya zama kufai, shi ne wurin da muke magana. A nan ne mutanen garin za su nuna maka wurin da suka gada daga kakanni cewa kushewar Bakwa Turunku ce.

Bakwa shi ne na 22 a jerin sarakunan Haɓe na Zazzau, jerin da ya faro daga Gunguma jikan Bayajidda, kuma ana sa hawansa sarauta wajen shekarar 1536. 'Ya'yansa biyu ne suka fi shi suna yanzu, Amina da ƙanwarta Zariya wadda birnin ya ci sunanta. Na ce "shi" ne saboda haka akasarin mutanenmu ke faɗa, amma masana tarihi sun rabu, wasu na ganin Bakwa mace ce, sarauniya. In kun je ku tambayi dattawan wurin ku ji ta bakinsu, kar ku je da gardamar da kuka haddace a aji.

Ni na ɗauka kabarin Sarauniya Amina ne a can?

A'a, wannan kuskure ne da ya yaɗu sosai. Abin da ya shahara shi ne Amina ta rasu a Atagara, can ƙasar Igala wajen Idah a jihar Kogi ta yau, tana kan yaƙe-yaƙenta. Turunku gidan iyayenta ne, shi yasa sunanta ke manne da abubuwa da yawa a wurin, amma kushewar da ake ziyarta ta Bakwa ce.

Ko zamanin Amina ɗin ma akwai magana a kai. Lissafin da aka fi koyarwa a makaranta ya ce ta hau mulki wajen 1576 ta yi shekara 34, wato zuwa 1610. Amma tsohon kundin tarihin sarakunan Kano ya ambace ta a zamanin Sarkin Kano Dauda, wanda ya yi mulki daga 1421 zuwa 1438, har ya ce Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Tazarar ta fi shekara 100. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi maganarta a rubuce-rubucensa, ya ce ta ci ƙasashe da yawa da yaƙi. Duk wanda ka bi dai, kirarin nan na "Amina 'yar Bakwa ta san rana" shi ne ya ɗaure sunanta da na Bakwa, shi ne kuma dalilin da yasa Bazazzagi ya kamata ya san hanyar Turunku.

Me zan gani in na je? Kar in ɗebo iyali mu sha rana a banza.

Gara in faɗa maka gaskiya tun yanzu, ɗan uwa. Ba zaka tarar da ƙubba mai fenti ba, ba kanti, ba allon bayani a kowace kusurwa, ba ma'aikaci mai yunifom da zai yanka maka tikiti. Wanda ya je da tunanin irin wuraren da ake nunawa a talabijin na ƙasashen waje zai dawo yana cewa ba komai. Wurin na buƙatar mai kallon ƙasa ne.

Ka rage sauri ka duba gefen gona inda ruwa ya zaizaye, zaka ga tsingaro birjik, fasassun tukwane, wani da zane a bakinsa irin wanda ake yi da igiya ko tsinke tun yumɓun na ɗanye. Ka ɗauki ɗaya ka juya shi, wani lokaci cikinsa baƙi ne ƙirin saboda wutar da aka gasa shi da ita, ka kalla ka mayar inda ka ɗauka. A kan fa kuma akwai ramuka masu santsi inda aka yi ta niƙa shekara da shekaru har dutsen ya lotsa, ka durƙusa ka sa tafin hannunka a ciki, sumul zaka ji kamar cikin tsohon akushi, kuma in ka lura da yadda aka jera su zaka gane mata ne ke durƙusawa kusa da juna suna aiki suna hira. Ni wannan ramin niƙan ya fi taɓa min zuciya fiye da duk labarin yaƙi, don shi ne ke nuna maka mutane ne irinmu suka yi rayuwa a nan, suka ci tuwo, suka yi goyo, suka mutu.

Sai ragowar ganuwa, wadda a wasu wurare ta koma ɗan tudu mai tsawo da ciyawa ta rufe, in ba a nuna maka ba zaka ɗauka kunya ce ta gona. Shi yasa tafiya ba ɗan gari asara ce.

Wa zan nema ya raka mu?

Kar ka sauka daga mota ka miƙe daji kai tsaye. Ka tambayi gidan mai unguwa ko dagaci, ka yi sallama, ka cire takalmi in an shigar da kai zaure, ka ce ranka ya daɗe mun zo ne daga Zariya muna son ganin wurin kakanni, a taimaka mana da wanda zai nuna mana. Ba a taɓa rasawa. Ka riƙe ɗan goro ko abin da ya sawwaƙa, wanda ya raka ku kuma in an dawo a sallame shi da mutunci, don ya bar aikin gonarsa ne ya bi ku. In dattijo ne ku kira shi baba, ku bar shi ya wuce gaba, in ya fara labari kar wani ya katse shi da "ai ba haka aka rubuta ba". Ka ji nasa ka ajiye, ka ji na littafi ka ajiye, daga baya ka auna.

Wannan gaisuwar ba ladabi kaɗai ba ce, ita ce rabin tsaronku. Garin da ya san da zuwanku ya san da fitarku.

Toh maganar tsaro fa? Iyaye na tsoro.

Suna da gaskiya, kuma ba zan ce ma kowa ya rufe ido ba. Kowa ya san abin da yankunan Igabi da Giwa da Birnin Gwari suka gani na 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane a shekarun nan, kuma lamarin kan lafa ya kuma tashi. Don haka labarin wata uku da suka wuce ba shi da amfani, na satin nan ake nema. Kafin ku sa ranar Turunku ku nemi wani ɗan garin ko direban da ke bin hanyar kullum ku tambaye shi, ranar tafiyar ma da safe a sake kira. In aka ce ku dakata, ku dakata, kushewar da ta yi ɗaruruwan shekaru a wurin zata jira ku.

Ku tafi da safe ku juyo kafin la'asar, kar ku yi ayarin motoci masu ɗaukar ido, kar kuma a baza rana da lokaci a Facebook ko WhatsApp kafin a je, hotuna in an dawo gida a saka. Kufena ya fi sauƙi tunda a bakin gari yake, amma ko shi ban yarda mutum ɗaya ko biyu su hau su kaɗai ba, musamman da yamma. Ku zama kamar mutum biyar zuwa sama, kuma wani a gida ya san inda kuke.

Wane lokaci ne ya fi daɗin zuwa?

Ni dai a wurina daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba babu kamarsa. Ruwa ya ɗauke, daji bai gama bushewa ba, an fara girbi don haka hanya ta buɗe, rana kuma bata da zafi. Hutun makaranta na Disamba ya faɗo daidai. Matsalarsa ɗaya, in hazo ya sauko sosai zaka hau Kufena ka kasa hango ko Wusasa da kyau, ga iska mai fasa leɓe, don haka a shafa ma yara mai a sa musu rigar sanyi.

Dogon hutu na Agusta shi ne daji ya fi kyau a ido, kore shar, amma shi ne kuma watan da ruwa ya fi yawa a Zariya, dutse na santsi, ciyawa ta kai ƙugu, tsingaron da ramukan da kuka zo gani duk sun ɓuya, kuma in hadari ya haɗu kana saman dutse tsawa ba abin wasa bace. In dole sai a lokacin, ku yi yawo a gindi ku bar hawa. Maris da Afrilu kuwa zafi ne zalla, dutsen kan ɗau zafi har ta cikin takalmi kana ji, sai dai wanda zai fita bayan asuba ya sauko kafin ƙarfe 10.

Hawan na da wuya? Ina da ciwon gwiwa.

Hajiya, ba dole sai an kai ƙololuwa ba. Zagayen gindin dutsen ma yawo ne mai kyau, akwai inuwa, a shimfiɗa tabarma a jira masu hawa. Mai ciwon gwiwa, mai hawan jini da bai daidaita ba, mai asma a lokacin hazo da mai tsohon ciki, su tsaya ƙasa. Saukowa ta fi hawa cin gwiwa, nan ne kuma aka fi zamewa.

Yara fa, daga shekara nawa?

Ɗan shekara 7 zuwa sama zai iya in akwai babba kusa da shi, a raba su kowane babba da yara biyu ko uku da ya san su ne nasa. Na goye kuma a bar su a gindi da uwarsu. Abin da yara ke yi shi ne tsere, kowa na son ya riga kowa, toh tun a ƙasa a kafa doka cewa ba mai wuce jagora.

Kuma don Allah ku bar su su yi tambaya. Yaron da ya tashi a Tudun Wada ko Sabon Gari cikin gidan siminti zai iya kai shekara 12 bai san bambancin ɗorawa da tsamiya ba, alhali kullum yana cin daddawa a miya yana shan kunun tsamiya. Ku tsaya a gindin kaɗanya ku ce masa daga ƙwallon wannan ake man kaɗe, ku nuna masa kuka ku ce ga inda miyar kuka take fitowa, ku nuna masa gawo ku gaya masa shi da damina yake zubar da ganye in rani ya zo ya yi kore, shi yasa manomi ke barinsa a tsakiyar gona. In lokacin hunturu ne za a iya dacewa da magarya ko kanya, ɗorawa kuma sai bazara. Sai dai a koya musu itacen da ke cikin gona yana da mai shi, a tambaya kafin a tsinka.

Me zamu riƙe?

Ruwa, fiye da yadda kuke zato, kowane babba aƙalla lita 2. Takalmi mai rufi mai kama ƙasa, ba silifas ba, ba takalmin Sallah ba. Dogon wando saboda ƙarangiya da ƙaya, hula ko malafa, mata kuma a sa hijabin da bai jan ƙasa don kar ya harɗe ƙafa wurin hawa. Abinci mara nauyi wanda baya lalacewa, dambu, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, dabino, rake, ko fura in akwai kula mai sanyi. Buta da darduma don azahar zata iya riskarku a can. Waya da caji, kuɗi a hannu ƙanana saboda ba ko'ina ake samun sabis ɗin tura kuɗi ba, da ɗan bandeji da maganin ciwon kai.

Sai babbar leda guda ta zuba shara. Duk ledar ruwa da robar lemo da kuka shiga da ita ku fito da ita. Abin na ci min rai in ga mutum ya yi tafiya mai nisa don ganin wurin kakanninsa sannan ya bar masa tulin leda, awakin mutanen ƙauyen ne kuma ke cinye ta su mutu.

Akwai macizai?

Daji ne, akwai. Kububuwa da kasa da kumurci duk ana samunsu a ƙasarmu, ga kunama a ƙarƙashin duwatsu, ga zuma a kogon itace da tsagun dutse. Amma maciji ba ya neman mutum, yawanci taka shi ake yi ko a zura hannu inda yake kwance. Kar a sa hannu a rami, kar a ɗaga dutse, a bi sawun jagora, a riƙe sanda ana buga ciyawa. Zuma kuma kar yaro ya jefe ta, turare mai ƙarfi ma a bar shi a gida ranar.

In Allah ya ƙaddara sara, kar a tsaga wurin da reza, kar a tsotsa, kar a ɗaure da igiya tamau har jini ya tsaya, waɗannan duk ƙara ɓarna suke. A kwantar da hankalin mutum, a cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibiti nan take, in da hali babba irin asibitin koyarwa na Shika. Kububuwa musamman, mutum kan ji kamar ba komai a farko alhali dafinta na hana jini daskarewa, don haka "ai ya ji sauƙi" ba dalilin komawa gida bane.

Malam, ziyarar irin wannan kabari ta halatta kuwa? An ce wuraren tsafi ne.

Wannan ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma na ji daɗi da ake yinta. Ni ba mai fatawa bane, amma abin da kowa ya karanta a islamiyya shi ne Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce da ya hana ziyarar kaburbura amma yanzu a ziyarce su, kuma dalilin shi ne tuna lahira. Alƙur'ani ma a wurare da dama ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a ga yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance. Wanda ya tsaya gaban kushewar mai mulkin da 'yarsa ta girgiza ƙasashe, ya ga yau ciyawa ce da iska, in bai tuna mutuwa a nan ba ina zai tuna.

Abin da ba a yi kuma sananne ne. Ba a roƙon mamaci, ba a yanka, ba a ɗaura tsumma ko zuba wani abu don neman biyan buƙata, ba a ɗibar ƙasar kabari a kai gida da sunan tabarruki, ba a sallah ana fuskantar kabari, ba a zama ko taka kansa. Gaskiya ne a zamanin da ana danganta manyan duwatsu irin Kufena da Madarkaci da iskoki, ana musu hidimomi na gargajiya, wannan tarihi ne kuma ɓoye shi ba zai goge shi ba. Musulunci ya shigo ƙasar Zazzau tun ƙarni na 15, aka daɗe ana cakuɗa shi da al'ada kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya iso, Malam Musa mai riƙe da tutar jihadin ya karɓi Zariya, Sarkin Haɓe Makau ya fice ya yi kudu, zuriyar gidansu ta kafa Abuja a 1828, wadda ita ce Suleja ta yau. Sanin wannan duka ilimi ne. Kai dai niyyarka ta zama ganin aya da sanin asali. Maganar zuwan mata maƙabarta kuma malamai sun yi saɓani, kowa ya tambayi malamin da yake bi.

'Yan uwanmu Kirista da ke zuwa tare da mu, musamman mutanen Wusasa da dutsen ke bayan gidajensu, su ma ladabin ɗaya ne, a rage murya, ba kiɗa, ba hawa kan kushewa don ɗaukar hoto.

Zan iya ɗauko ɗan tsingaro ɗaya na ajiye a gida? Ai suna da yawa.

Kar ka ɗauka. Na san kowa na cewa ɗaya ne kawai, amma ka lissafa aji guda na 'yan makaranta kowa ya sa ɗaya a aljihu, sannan wani ajin ya zo mako mai zuwa. Bayan haka tsingaron da aka raba da wurinsa ya zama fasasshen kasko kawai. Abin da masu bincike ke karantawa shi ne inda aka same shi, zurfin ƙasar, me ke kusa da shi, gawayin da ke gefensa wanda da shi ake auna shekaru. Da ka ɗauke ka yanke wannan bayanin har abada, kai kuma bayan wata biyu zaka manta da shi a saman firij a share.

Haƙa kuwa laifi ne a doka. Tun 1979 dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa ta hana tono wurin tarihi ba izini, ta kuma hana saye da sayarwa da fitar da irin waɗannan kaya. Mu a jihar Kaduna bai kamata a yi mana dogon bayani ba, mun ga abin da ya sami kayan Nok. Tun 1928 aka fara tsintar mutum-mutumin yumɓun nan a wurin haƙar kuza, daga baya da aka gane suna kuɗi a Turai sai masu tonon sata suka bi wurare da yawa suka birkice su, kayan suka tafi, bayanin da ke tare da su ya lalace.

Ka kwatanta da Durɓi ta Kusheyi a ƙasar Katsina, wajen Mani, inda tsoffin kushewun sarakuna suke a tuddai. An fara tona wurin a 1907, aka sake yin aiki na ƙa'ida a 1992, aka samu tasoshin tagulla da suka zo daga gabas, da kuɗin wuri da duwatsun ado da zinariya, aka kuma iya sa su tsakanin ƙarni na 13 da na 16. Da wannan aka tabbatar ƙasar Hausa na cinikayya da duniya mai nisa tun wancan lokaci. Da ɓarayi ne suka riga zuwa, da yau ba wanda ya san komai. Turunku da Kufena na da nasu abin da ƙasa ke riƙe da shi, kuma jami'ar da ke da sashen koyar da wannan aiki tana nan Samaru kusa da mu.

In na ga wani abu da ruwa ya tono fa, kamar tukunya ko ƙashi?

Kar ka ciro, kar ka ƙara tonawa don ka ga sauran. Ka ɗau hoto, ka lura da wurin sosai, ka gaya ma mai unguwa, sannan a sanar da sashen binciken kayan tarihi na ABU ko ma'aikatan gidan tarihi na Kaduna. In ƙashin mutum ne a rufa masa asiri da ƙasa kafin su zo, kar a yi ta yaɗa hotonsa, kakan wani ne. Haka in ka ci karo da baƙaƙen dunƙule masu nauyi masu ƙofofi kamar an narka dutse, kashin maƙera ne, alamar an narka tama a wurin, irinsa aka samu a yammacin Samaru. Shi ma a bar shi.

Rubuta suna a jikin dutse fa, don tarihi?

A'a. Fenti ko gawayi ko ƙusa, duk a'a. Ka ɗau hoto.

Rana ɗaya zata isa a haɗa duka biyun?

Zata iya amma ban ba da shawara ba, gudu-gudu za a yi, yara su gaji, a shiga yamma a hanya. A raba. Ranar farko Kufena da sassafe, in an sauko a ratsa Wusasa a ga tsohuwar cocin nan ta ginin ƙasa da aka gina a 1929, garin da Janar Yakubu Gowon ya taso. In da sauran ƙarfi a shiga birni ta Ƙofar Kuyambana ko Ƙofar Doka a bi gefen ganuwa, a nuna ma yara abin da ya rage daga katangar da ta kewaye birnin da tsawon kilomita 14 zuwa 16, su ga da idonsu inda masu ɗibar ƙasa da masu gini suka cinye. A ƙarasa Babban Masallacin Juma'a na ƙofar fada wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarki Abdulkarimu.

Turunku a ba ta ranarta daban, bayan an kira an ji lafiyar hanya. A guji ranar Juma'a don mai raka ku zai so ya shirya masallaci, da damina kuma a tuna safiya lokacin gona ce, in kuna son samun dattijon da ya san wurin da kyau sai an aika masa tun jiya. Kuɗin mota ku yi ciniki na zuwa da dawowa tun a tasha, direban ya jira ku, don samun abin hawa daga can da rana tsaka ba kullum yake da sauƙi ba.